Gyambon babban hanji: wane magani ne ya cancanci kuɗin da ake kashe masa?

Yayar Mara Lafiya ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan lamarin ƙanena, wanda shekarunsa 29, malamin makarantar sakandare ne, kuma wata bakwai ke nan da ɗaura masa aure. Ya shafe kusan shekara biyu yana fama da gudawa mai jini da majina, ana ta ɗura masa maganin atini, wasu suka ce basir ne har ya sha jiƙe-jiƙe iri-iri, kafin a tura shi wani asibitin koyarwa inda aka leƙa hanjinsa da na'ura mai kyamara, aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka tabbatar da cewa gyambon babban hanji ne, wanda likitoci ke kira alsaratif kolaitis. Likitan bai ɓoye mana komai ba, ya ce ciwo ne da magani ba ya raba mutum da shi gaba ɗaya, sai dai a riƙa lallaɓa shi ya lafa, kuma shan maganin na tsawon rai ne.

An rubuta masa mesalazin na haɗiya, samfurin Pentasa, tare da firednisolon, maganin kwantar da kumburi da sauri, na mako takwas, kuma cikin ikon Allah jinin ya tsaya, ya koma aji. Matsalar ita ce kuɗin mesalazin na wata guda yana cinye fiye da rabin albashinsa, saboda haka da ya ga ya ji sauƙi sai ya ajiye shi ba tare da ya faɗa wa kowa ba, idan jinin ya dawo kuma ya je kemis ya sayi firednisolon, tunda shi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Sau uku ya yi haka a cikin shekarar nan. A zuwanmu na ƙarshe likita ya yi masa faɗa sosai, ya kuma ce idan aka ci gaba da wannan hali to za a kai ga wani magani mai suna infiliksimab da ake bayarwa ta hanyar ƙarin ruwa. Da muka tambayi kuɗin kwalba ɗaya, ni da matarsa sai muka dubi juna kawai.

Mahaifiyarmu tana da fili da ta gada, ta ce a sayar a saya masa wannan mai tsadar, domin a ganinta mai tsada shi ne mai kyau. Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Abin da nake so in sani shi ne, a cikin magungunan wannan ciwo wanne ne amfaninsa ya kai kuɗinsa ga mai ƙaramin ƙarfi kamarmu, kuma shin tsadar infiliksimab tana nufin cewa idan an yi shi an gama ke nan?

Mai Haɗa Magunguna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce. Kafin a kai ga zancen fili, akwai abubuwan da ban ga kin ambata ba, kuma a wurinsu ne kuɗi kaɗan ya fi yin aiki mai yawa.

Akwai tsohon magani mai suna salfasalazin, wanda a kasuwa aka fi sanin sa da Salazopyrin. Wata likita 'yar ƙasar Suwidin, Nanna Svartz, ita ce ta haɗa shi a wajajen 1940 domin masu ciwon gaɓoɓi, sai aka lura yana taimaka wa masu gyambon hanji. A 1977 masu bincike a Okusfod ta Ingila suka gano cewa ɓangare ɗaya na maganin ne yake kwantar da kumburin, wato mesalazin ɗin nan da ƙaninki yake sha, ɗaya ɓangaren kuwa, wanda yake daga dangin salfa, aikinsa dako ne kawai: yana riƙe maganin har ya isa babban hanji, inda ƙwayoyin halittar da ke zaune a cikin hanjin suke raba su. Ke nan Pentasa da Asacol da ire-irensu ba wani sabon sinadari ba ne, an dai sallami ɗan dakon ne aka yi wa maganin wata riga da za ta kai shi inda ake so, kuma kuɗin rigar ne mutum yake biya. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan magunguna ta auna su tare, ta sami cewa mesalazin bai fi salfasalazin kwantar da ciwon ba, wajen hana shi sake tashi kuwa tsohon ma ya ɗan fi. Yana kuma cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a kantinmu kuɗinsa bai kusanci na mesalazin ba.

Amma ba zan yabe shi in ɓoye aibinsa ba. Wannan ɗan dakon shi ne yake jawo ciwon kai da tashin zuciya da ƙuraje ga wasu mutane, shi ya sa ake farawa da ƙwaya ɗaya mai miligiram 500 a rana, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, a haɗa da folik asid domin salfasalazin yana rage shi a jiki. Yana rina fitsari ya koma ruwan lemo, wannan ba abin tsoro ba ne. Ya kamata a auna jininsa a ga ko yana da ƙarancin sinadarin da ake kira G6PD, wanda ya yawaita a tsakanin maza a Afirka ta Yamma, domin mai wannan ƙarancin salfa na iya fasa masa jajayen ƙwayoyin jini. Sai kuma abin da ya shafi ango kai tsaye, ki gafarce ni: salfasalazin yana rage yawan ƙwayoyin haihuwa na namiji muddin yana shan sa, duk da cewa suna dawowa daidai cikin wata biyu zuwa uku bayan ya daina. Wannan magana ce da shi da matarsa da likitansa za su yanke, ba mu ba.

Abu na biyu shi ne maganin da ake sawa ta dubura, ko dai na matsi ko na ɗura. Mesalazin yana aiki ne a inda ya taɓa bangon hanji, ba sai ya zagaya jini ba, wannan ciwo kuwa kusan kullum daga ƙarshen hanji yake farawa ya hau sama. Idan gyambon bai wuce ƙarshen hanji ba, matsi ɗaya mai giram 1 da dare ya fi ƙwayoyin haɗiya masu yawa aiki. Idan ya kama ɓangaren hagu, haɗa na haɗiya da na ɗura ya fi kowanne shi kaɗai. Na sha ganin magidanci ya karɓi takardar likita, ya sayi na haɗiyar, ya ce in bar wancan ɗin tukuna, alhali wanda ya bari saboda kunya shi ne zai fi tsayar masa da jinin. Ki duba takardar sakamakon leƙa hanjin, za ki ga an rubuta iyakar inda ciwon ya kai.

Game da ajiye magani da ya yi, wani bincike da aka buga a Amurka a 2003 ya nuna cewa waɗanda ba sa shan mesalazin yadda aka rubuta musu sun ninka masu sha har sau biyar wajen haɗarin tashin ciwon. Idan kika haɗa kuɗin gado da ƙarin jini da gwaje-gwaje da makonnin da ba ya zuwa aiki a kowane tashi, za ki ga watannin da ya ce ya huta da saye ba hutu ba ne, bashi ne ya ci. Akwai mesalazin na wasu kamfanoni da ya fi Pentasa sauƙi, kuma ana iya shan adadin yini guda a lokaci ɗaya, amfaninsa bai ragu ba. Sai dai a saya a kantin da aka sani, a duba lambar NAFDAC, domin tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023 magungunan waje suka yi tashin gwauron zabi, tsada kuwa ita ce ƙofar jabu. A kuma raba shi da magungunan rage raɗaɗi irin su diklofenak da ibufurofen, suna iya tayar da ciwon.

Ɗalibin Tattalin Arzikin Lafiya ya amsa:

Hajiya, sannu da ɗawainiya. Ni ba likita ba ne, karatuna a nan Ingila a kan yadda hukumomi ke yanke shawarar wane magani za su saya ne, kuma wannan ciwo yana cikin misalan da ake koyar da mu da su, don haka bari in yi magana a kan rabin tambayarki na biyu.

A nan akwai hukuma mai suna NICE, an kafa ta a 1999, ita ce ke faɗa wa asibitocin gwamnati maganin da ya cancanci a saya. Ma'auninta shi ne shekara guda ta cikakkiyar lafiya: wanda ya yi shekara lafiya lau ana lissafa masa ɗaya, wanda ya yi ta yana zaryar bayan gida sau goma a rana ana lissafa masa ƙasa da haka. Idan sabon magani ya zo, sai a duba ƙarin kuɗin da zai ci a kan tsohon, a raba da ƙarin lafiyar da zai kawo. Shekaru da dama hukumar ta riƙa ganin fam 20,000 zuwa 30,000 a kan kowace shekara ta cikakkiyar lafiya shi ne iyakar abin da ya dace a biya. Abin lura shi ne ba a tambayar ko magani yana aiki, domin wannan an riga an sani. Ana tambayar nawa aka ƙara, me kuma aka samu a kan ƙarin.

Amurka ta amince da infiliksimab, mai sunan kasuwa Remicade, domin wannan ciwo a 2005, amma sai a 2015 NICE ta buɗe ƙofar ba da shi, tare da danginsa adalimumab da golimumab, ga masu matsakaici ko tsananin ciwo da magungunan farko suka gaza a kansu. Ko a lokacin, lissafin da masana na Jami'ar Shefild suka yi wa hukumar ya nuna cewa ga wanda zai yarda da tiyata, cire babban hanjin ya fi waɗannan magunguna arha a tsawon rayuwa. Abin da ya sauya lissafin daga baya ba wani sabon ilmi ba ne, gasa ce. A 2013 Turai ta amince da kwatankwacin infiliksimab da kamfanin Celltrion na Koriya ta Kudu ya yi, wanda ake sayarwa da sunan Remsima ko Inflectra, a 2015 kuma ƙasar Norwe ta same shi da ragin kusan kashi 70 cikin 100, sannan wani gwaji da gwamnatin ƙasar ta ɗauki nauyinsa, aka buga a 2017, ya nuna cewa waɗanda aka sauya musu daga na asali zuwa kwatankwacin ba su fi sauran shan wahala ba. Haka aka yi da adalimumab, wato Humira, daga 2018. Saboda haka duk wanda zai saya, to ya fara tambayar kwatankwacin.

Sai dai duk wannan lissafi na asusun gwamnati ne, inda miliyoyin masu lafiya ke ɗaukar nauyin 'yan dubban marasa lafiya. A Najeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, mafi ƙarancin albashi kuma naira 70,000 ne tun 2024. Maganin da aka ce ya cancanci kuɗinsa a Landan yana iya zama abin da zai tsiyata gida guda a Kano, alhali maganin bai canja ba.

Ga lissafin da zan so ki yi a gaban Hajiya babba. Ana ba da infiliksimab miligiram 5 a kan kowane kilo na nauyin mutum, kwalba ɗaya kuwa miligiram 100 ce, ke nan mai kilo 70 yana buƙatar miligiram 350, wato kwalba huɗu a kowane zama. Ana yin zaman farko, a sake bayan mako biyu, a sake a mako na shida, daga nan kuma duk bayan mako takwas. A shekarar farko zama takwas ke nan, kwalba 32, a kowace shekara mai zuwa kuma zama shida ko bakwai, ban da kuɗin gado da na ma'aikata da na gwaji. Ki ninka kuɗin da aka faɗa muku sau 32, ki ajiye shi kusa da kuɗin filin. Sa'an nan ki sani cewa a babban gwajin da aka yi kafin a amince da maganin, kimanin mutum bakwai cikin goma sun sami sauƙi a mako na takwas, amma bayan shekara guda kimanin ɗaya cikin uku ne ciwonsu ya lafa sarai. Ba a yin sa a gama. Idan kuɗi ya yanke aka tsaya na tsawon lokaci, jiki yana iya ƙera makaman da za su yaƙi maganin, ta yadda in an dawo masa ba zai yi aiki kamar da ba, ko ma ya jawo rikici ana cikin ƙarin ruwan. Fili sau ɗaya ake sayar da shi, kwalaben kuwa duk wata biyu za su dawo.

Akwai waɗanda suka fito bayansa, kamar bedolizumab, mai sunan kasuwa Entyvio, wanda a gwajin da aka buga a 2019 ya kwantar da ciwon kashi 31 cikin 100 na waɗanda suka karɓe shi bayan shekara guda, adalimumab kuma kashi 22 da rabi. Fifikon na gaske ne, amma ki dubi girmansa ki dubi tsadarsa.

Mai Fama da Shi Shekara Goma Sha Ɗaya ta amsa:

Yaya, ni abin da ya fi tayar mini da hankali a bayaninki ba infiliksimab ba ne, firednisolon ɗin da yake saya da kansa ne, domin hanyar da na bi ke nan, kuma har yau ina biyan kuɗinta. A shekarun farko, duk lokacin da na ga jini sai in aika yaro kemis ya sayo mini, in sha kwana goma in miƙe kamar ban taɓa ciwo ba, har na riƙa yi wa masu sayen mesalazin kallon masu ɓarnar kuɗi. Danginsa ne 'yan mata ke sha domin su yi ƙiba, wanda ake kira sha ka fashe, saboda haka da fuskata ta cika ta yi zagaye, 'yan'uwa sai barka suke yi mini wai na murmure. A shekara ta uku na lura idan na sauko zuwa ƙwaya biyu jinin yana dawowa, don haka na daina saukowa. A ta huɗu aka ce ina da ciwon suga, bayansa hawan jini, sa'an nan ƙuguna na dama ya fara ciwo har ba na iya zaman tahiya sai na miƙe ƙafa, hoto ya nuna kan ƙashin ya fara lalacewa.

Likitar da ta karɓe ni daga baya ta ce mini firednisolon ruwan kashe gobara ne, ba a zuba shi a ɗaki kullum don gudun kada wuta ta tashi, kuma ba ya hana ciwon dawowa ko kaɗan. Ta sa ni a kan azatiyofirin, maganin haɗiya da ke sassauta garkuwar jiki, tare da salfasalazin, ta janye ni daga firednisolon a hankali cikin watanni, domin wanda ya daɗe yana sha idan ya tsaya farat ɗaya yana iya faɗuwa. Wata uku na farko ban ga wani canji ba, na kusa fid da rai, ga zaryar gwajin jini da farko kusan kowane mako, daga baya ya koma duk wata uku. Yanzu shekara shida ke nan sau ɗaya tak na kwanta a asibiti. Kuɗin azatiyofirin da salfasalazin da gwajin jinina a haɗe bai kai abin da nake kashewa a kan suga da ƙugu ba, waɗanda ni na saya wa kaina da kuɗi ƙalilan. Don Allah ki karanta masa wannan, ko ya ji daga bakin wadda ta riga shi.

Likitan Ciki da Hanji ya amsa:

Hajiya, Allah ya saka miki da alheri a kan tsayuwar da kika yi wa ƙaninki. Ban ga mara lafiyar ba, don haka abin da zan faɗa na tattaunawa ne da likitansa, ba umarni ba. Na yarda da yawancin abin da aka faɗa, amma ina da gyara a wuri biyu.

Da farko, ba za a ce mesalazin ya gaza a kan mutumin da ba ya shan sa ba. Abin da muka sani shi ne ya sha firednisolon sau uku a shekara guda, kuma a ƙa'idarmu wanda ya buƙace shi sau biyu ko fiye a cikin wata goma sha biyu, ko wanda ciwonsa ke dawowa da an rage masa, ya isa a yi masa tunanin azatiyofirin, miligiram 2 zuwa 2.5 a kan kowane kilo. Wannan shi ne matakin da ke tsakanin mesalazin da infiliksimab, kuma a wurinmu shi ne ya fi kowanne biyan kuɗinsa, da sharaɗin a riƙa gwajin jini da na hanta, domin yana iya rage fararen ƙwayoyin jini ba tare da mutum ya ji komai ba. Ko da an kai ga infiliksimab ba za a yi asararsa ba, tunda gwajin da aka buga a 2014 ya nuna cewa haɗa su biyun ya kwantar da ciwon kusan kashi 40 cikin 100 ba tare da firednisolon ba a mako na 16, alhali kowanne shi kaɗai bai wuce kashi 22 zuwa 24 ba.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubuta shi a jikin kwalba. A ƙasarmu ba kowane jini ne tashin gyambo ba, yana iya zama atinin amiba ya hau kan tsohon ciwo, kuma wanda ya sha firednisolon a kan amiba hanjinsa na iya hujewa, gwajin bahaya kuwa kuɗinsa kaɗan ne. Kafin a fara infiliksimab ko adalimumab wajibi ne a binciki tarin fuka da ke kwance a jiki da ciwon hanta nau'in B, domin magungunan suna sassauta garkuwar jiki su tayar da su, mu kuwa muna cikin ƙasashen da cututtukan biyu suka fi yawa. Ga kuma ajiya: ana ajiye su ne a sanyin digiri 2 zuwa 8, kin kuwa san halin wutarmu.

Inda na saɓa da ɗan'uwanmu na Ingila shi ne, kada lissafin kwalba 32 ya sa a ɗauka cewa maganin ba shi da wuri a wajen talaka. Idan mutum yana bahayar jini sau shida ko fiye a rana, ga zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri ko jininsa ya yi ƙasa, wannan tsananin tashi ne da ke kisa, ma'aunin da likitoci biyu, Truelove da Witts, suka kafa tun 1955, kuma gadon asibiti ne wurinsa. Ana ba shi haidirokotizon, ɗan'uwan firednisolon, ta jijiya, idan bayan kwana uku bai juyo ba sai a ceto hanjin da infiliksimab ko siklosforin, wani maganin sassauta garkuwar jiki. Gwajin da aka yi a Birtaniya, aka buga a 2016, ya sami cewa su biyun ba su bambanta a amfani ba, siklosforin kuma ya fi arha nesa ba kusa ba, sai dai yana buƙatar asibitin da ke iya auna yawansa a jini da lura da ƙoda. A irin wannan hali ana iya ba da ɗayansu na ɗan lokaci a matsayin gada zuwa azatiyofirin, musamman ga wanda bai taɓa shan azatiyofirin ba kamar ƙaninki. Idan za a taɓa filin, to irin wannan rana ce ta cancanta, Allah ya sa kada ta zo.

Zancen tiyata ma sai an yi masa gyara. Gaskiya ne cire babban hanji yana raba mutum da gyambon, amma lissafin Shefild an yi shi ne a ƙasar da jakar bahaya ta gefen ciki kyauta take zuwa wa mai gyambon har gida, ga ma'aikatan jinya da suka ƙware a kanta. A nan mutum zai riƙa sayen jakar da kuɗinsa, sau da yawa ma sai an yi odarta, likitocin da ke ƙera wa mutum sabuwar ma'ajiya daga ƙaramin hanji domin ya rabu da jakar kuma ba su da yawa, ban da damuwar da marasa lafiyarmu ke shiga a kan tsarki da salla cikin jama'a. Tiyata tana ceton rai, kuma jinkirta ta idan lokacinta ya yi kuskure ne babba, amma arharta a wurinmu ba ta kai yadda takarda ta nuna ba.

Wani abin da ya fara sauya mana lissafi shi ne tofasitinib, wanda aka amince da shi domin wannan ciwo a 2018 da sunan Xeljanz, yanzu kuma kamfanonin Indiya suna yin kwafinsa da sauƙin kuɗi. Ƙwaya ce ta haɗiya, ba ta neman firji ko gadon ƙarin ruwa, ana farawa da miligiram 10 sau biyu a rana na mako takwas a sauko zuwa 5, kuma tana aiki da sauri. Tana da nata haɗarin, wato ƙuraje masu raɗaɗi da ke fesowa a gefe ɗaya na jiki, da daskarewar jini a jijiya, musamman ga manya da masu shan taba da masu ciwon zuciya, kuma ita ma sai an binciki tarin fuka da hanta. Ga saurayi mai shekara 29 da azatiyofirin ya gaza a kansa, magana ce da ta cancanci a yi ta kafin a je ga kwalabe. A ƙarshe, tunda ma'aikaci ne, ya bincika ko yana cikin tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha ko na tarayya da dokar 2022 ta wajabta, ya ga me ke cikin jerin magungunansu, ko da gwajin jini da gado kaɗai suka ɗauke masa. Ya kuma sa a ransa cewa bayan shekara takwas da fara ciwon za a riƙa leƙa hanjin lokaci-lokaci saboda haɗarin ciwon daji.

Yayar Mara Lafiya ta sake rubutawa:

Na gode muku baki ɗaya, Allah ya bar zumunci. Na nemo takardar kamar yadda Malam mai haɗa magunguna ya ce, an rubuta cewa ciwon ya kama ɓangaren hagu ne kawai. Ranar Talata muka koma asibiti ni da shi da matarsa, na kuma karanta masa bayanin 'yar'uwarmu mai fama da ƙugu tun muna cikin mota, bai ce uffan ba har muka isa. Likita ya sa an yi gwajin bahaya da na jini da na hanta da hoton ƙirji, ya ce idan sun fito lafiya zai fara masa azatiyofirin. Salfasalazin kuwa sun ce a dakata da shi tunda suna neman haihuwa, sai aka sauya masa zuwa mesalazin na wani kamfani mai sauƙin kuɗi, sau ɗaya a rana, aka ƙara masa na ɗura da dare na wata biyu, wanda da ƙyar ya yarda ya karɓa. Ni da yayanmu mun raba kuɗin wata-wata a tsakaninmu, matarsa kuma ta kwashe sauran firednisolon da ke cikin durowarsa ta kawo wa likita domin ya tsara yadda za a janye shi. Hajiya ta ji lissafin kwalba 32 ta yi shiru, ta ce a mayar mata da takardun filin cikin akwati. Likita, gwajin G6PD ɗin nan, a yi shi yanzu a ajiye sakamakon, ko a bari sai ranar da za a koma kan salfasalazin?